Yadda zaka daina zubar da safar hannu a sanyin Jos, da inda ya kamata ka ajiye safaya

Duk wanda ya taɓa fitowa sallar asuba a Jos cikin Disamba ko Janairu ya san abun da nake nufi in nace hannu ya ƙage. Yatsun ne gaba ɗaya suke daina jin magana, ka laluba aljihu ka kasa gane wanne ne makullin ƙofa, ka zo saka maɓallin riga abu ya gagara. Ni harkar kayan gwari nake yi, kabeji da karas da koren tattasai nake saye a Farin Gada ina lodawa wasu garuruwa, toh fitar duku-duku ta zame min dole, kuma safar hannun da na zubar a hanya cikin shekarun nan wallahi ba kaɗan bace. Sai da na zauna na lura da yadda abun ke faruwa sannan na samu sauƙi, shine nace bari in rubuta ko wani zai amfana, musamman iyaye da baƙin da suka shigo garin nan basu san halinsa ba.

Mutumin Kano ko Abuja in kace masa kana saka safar hannu a Najeriya gani yake kamar ƙari kake yi. Amma Jos tana bisa tudu ne, kusan mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa bata kai 500 ba, kuma duk hawan mita 1,000 da kayi zafin iska na raguwa da wajen digiri 6. Ka haɗa wannan da busasshiyar iskar hunturu da ke kwararowa daga Sahara, ga sama wasai babu gajimaren da zai riƙe ɗumin rana in dare yayi, sai kaga kafin gari ya waye sanyi ya sauko kusa da digiri 10, wani daren har ƙasa da haka. Wanda ya taso daga Abuja da yamma ya san inda abun ke canzawa, da an wuce Akwanga an kama Hawan Kibo zaka ga fasinja sun fara ɗaga gilashi, kafin a kai Riyom kowa na laluben rigar sanyi. Shi kuma jiki in yaji sanyi dabararsa ita ce ya matse jijiyoyin jinin hannu da ƙafa ya tara ɗumi a ƙirji da ciki, shi yasa zaka ga mutum cikin jaket mai kauri amma yatsunsa kamar ƙanƙara.

Abun da yasa na ɗauki maganar da gaske kuwa ɗan ƙanwata ne da ke zaune a wajena, yana da sikila. Sanyi na cikin abubuwan da ke tada ciwon, in jijiyoyi suka matse jinin baya wucewa yadda ya kamata. Akwai ranar da ya dawo daga makaranta da safa wari ɗaya, ɗayan hannun ya cusa shi a hammata, bai gaya wa kowa ba don tsoron faɗa, washegari ma haka ya fita da hannu ɗaya a buɗe. Daren nan a asibiti muka kwana. Ina zaune kusa da gadon ina kallon 'yan yatsun nan nasa, nace a raina abun da bai fi kuɗin shayi da biredi ba shi ya kawo mu nan, kuma da akwai wata a cikin jakarsa da ƙila ba'a kai ga haka ba. Tun daga ranar a gidana ba'a yi wa yaro faɗa akan ɓatan safa, abun da ake tambayarsa shine ina ta safaya.

Toh abu na farko da zaka gane, safa bata ɓata tana hannu. Lokacin da ka cire ta ne take tafiya, kuma in ka ƙirga wuraren da kake cirewa basu da yawa. Wajen alwala shine babba. Ka zo masallaci cikin duhu, ka cire ka ɗora kan bulo ko ka maƙale a hammata, ka tsuguna da buta, aka tada iƙama ka miƙe da sauri, shikenan ɗaya ta faɗa cikin ruwan alwala ɗaya kuma tana kan bulo har rana ta fito. Na biyu waya. Gilashin wayoyin yanzu da 'yar lantarkin jikin mutum yake aiki, zaren safa baya wuce da ita, dole ka zare ta dama ka amsa kira, ka ɗora akan cinya a cikin keke, kana isa Terminus ka sauka ta zame ƙasa keke yayi gaba. Sai wajen ƙirga kuɗi da wajen mai POS, sai teburin mai shayi. Ka duba warin da suka rage maka a gida, inaga zaka tarar yawancinsu na hagu ne, saboda ta dama ce ake yawan cirewa.

Maganin wannan ɗabi'a ce guda ɗaya kuma ita tafi duk sauran dabarun da zan faɗa: ka ware wa safa aljihu ɗaya, nata ne ita kaɗai. Ni aljihun cikin jaket na hagu ne, mai zif. Ba waya a ciki ba kuɗi ba makulli, don in ka haɗa ta da abun da kake yawan zarowa toh wata rana zaka zaro waya ta biyo ta faɗi baka ji ba, safa bata ƙara in ta faɗi. Kuma doka ce, da ta bar hannu sai aljihun nan, ko da minti ɗaya zanyi. Ba cinya, ba hammata, ba kan buhu, ba kan tankin mashin. In duka biyun na cire sai in haɗa su in naɗe bakin ɗaya ya haɗiye ɗayar kamar yadda mata ke dunƙule safar ƙafa bayan wanki, dunƙulen yafi nauyi, in ya faɗi zaka gani. Satin farko zaka riƙa mantawa, daga baya hannun da kansa zai riƙa kai ta. A wajen alwala kuma tun kafin ka ɗauki buta zaka cire ka adana, kuma kada ka mayar sai ka goge hannu ya bushe sarai, jiƙaƙƙen hannu cikin safa yafi hannu tsirara sanyi.

In kai mai mantuwa ne sosai kaje wajen tela ya ɗinka maka 'yar igiya zagaye a bakin kowace safa, ka sayi ƙugiyar makulli irin wadda ake maƙalawa a bel, kana cirewa ka rataya. Aikin minti biyar ne. Wasu na gwanjo ma da 'yar ƙugiyarsu ta roba suke zuwa a gefe, mutane da yawa basu san amfaninta ba suna yankewa, don haɗa warin biyu aka yi ta.

Maganar waya kuma akwai hanya biyu, ko ka nemi irin safar da aka saƙa bakin yatsunta da zare mai wuce lantarki, zaka ga kan babban yatsa da manuni launinsu daban, ko kuma ka ɗauki wadda ta fara tsufa ka yanke kan waɗannan yatsu biyu a ɗinke bakin don kada ta warware. Ni ta biyun nake yi a kasuwa, da ita nake ƙirga kuɗi in danna waya in duba kabeji ban cire komai ba, kuma tunda na fara wannan rabin matsalata ta ƙare.

Yanzu saye. Kuskuren da nayi ta yi shekara da shekaru shine sayen feya ɗaya mai kyau mai tsada, in wari ɗaya ya ɓata ɗayan ya zama ba amfani. Ka sayi feya uku ko huɗu iri ɗaya launi ɗaya girma ɗaya, kuma ka zaɓi irin saƙaƙƙun nan da basu da dama basu da hagu, kowane wari yana shiga kowane hannu. Kaga in kana da wari shida, ɗaya ya ɓata kana da feya biyu da ragowa, wani ya sake ɓata har yanzu feya biyu ne cif. Da masu dama da hagu ne kala daban-daban da tuni feya biyu sun tashi aiki. Launi kuma ra'ayina ya saɓa da na yawancin maza, baƙa kowa ke so, amma baƙar safa in ta faɗi a duhun asuba ko ƙarƙashin kujerar keke ba mai ganinta. Toka-toka mai haske ko ruwan ƙasa sun fi, yara kuma ja ko ruwan lemo, wadda za'a hango daga nesa a filin makaranta.

A Katako wajen 'yan gwanjo ake samun masu inganci in an buɗe dila, sababbi kuma ana samun su wajajen Terminus, inda 'yan kasuwa suka bazu bayan gobarar babbar kasuwa a 2002. Ka tsaya ka duba da kyau kar kunya ta hana ka. Saka hannu ka dunƙule, in ta matse ka bar ta, matsattsiyar safa tana ƙara hana jini gudu ne, ana son ɗan sarari a bakin yatsu saboda iskar da ta maƙale a ciki ita ce ke riƙe ɗumi. Ka ɗaga ta saitin rana, in kana hango haske ta ramukan saƙar toh iska ma ta nan zata bi. Ka duba tsakanin babban yatsa da manuni, nan take fara yagewa. Ka ja robar wuyan hannun kaga ko tana komawa, wadda ta saki ita ce ke zamewa da kanta. In akwai 'yar takarda a ciki ka karanta ko ka tambaya: ulu na gaske yafi, ko ya ɗan jiƙa yana riƙe ɗumi, auduga kuwa in ta sha ruwa ko gumi sai ta koma sanyaya hannu kuma bata bushewa da wuri. Mafi yawan masu arha zaren roba ne, suna aiki daidai gwargwado amma basa shiri da wuta. Ta gwanjo dai a wanke ta da sabulu a shanya a rana kafin kowa ya saka.

Masu hawa mashin, musamman 'yan uwa da ke shigowa da sassafe daga Barkin Ladi da Mangu da Bokkos, saƙaƙƙiya ita kaɗai bata isa ba, iska ratsa ta take kamar babu komai. Ku nemi ta fata ko mai ledar waje da shafi a ciki, in akwai hali a saka siririya a ƙasa. Wannan ita ce babba, ita ake kashe wa kuɗi, ita ce kuma ta cancanci igiya da ƙugiya. Amma a gwada kama birki da kuloci da ita kafin a biya, wadda tayi kauri har yatsa baya lanƙwasa haɗari ce.

Toh ina za'a ajiye safaya? Duk safayar da ke cikin akwati a gida ba safaya bace, don ba a gida zaka neme ta ba. Ka bi sawun ranarka ka ajiye a inda sanyi ke kama ka. Ni ɗaya tana ƙasan jakar da nake ratayawa, ɗaya a durowar rumfa, ɗaya kuma rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗaki tare da hular sanyi, ita ce ta wanda ya makara. Mai mota ya saka a akwatin gaban mota, mai keke a ƙarƙashin kujera, ɗan makaranta a ƙaramin aljihun jaka wanda ba'a saka littafi. Kowacce a ƙulle ta cikin leda don ƙurar hunturu ba inda bata shiga, a ƙarƙashin kujerar keke kuma ga mai ga giris. Sai dai a tabbata ta bushe kafin a ƙulle, in ba haka ba fumfuna zata yi ta riƙa wari.

Ga inda mutane ke faɗuwa: ranar da ka ɗauki safaya ka saka, a ranar zaka mayar da wata gurbinta. In ka bari sai gobe toh ta zama ta yau da kullum, ranar da ita ma ta ɓata ka buɗe jaka wayam. Ni duk Juma'a in na dawo masallaci nake zagayawa in taɓa wuraren nan uku, jaka, durowa, bayan ƙofa, bai fi minti biyu ba.

Kada kuma a yar da warin da ya rage. Muna da wani tsohon gwangwanin madara babba a saman kwaba, duk wari ɗayan da ya rasa ɗan uwansa nan ake jefa shi. Sau da yawa ɗayan yana fitowa bayan sati daga ƙarƙashin katifa ko hannun suwaita, in ma bai fito ba hannu baya tambayar launi da asuba, ja da shuɗi duk ɗumi ɗaya ne. Daga gwangwanin nan ne kuma nake ɗauka in ba almajiran da ke kwana a zauren unguwarmu, da mai gadin layinmu, dattijo ne, yana kwana a waje da 'yar wutarsa. Dan Allah in kuna da irin wannan ragowar ku duba waɗanda ke kusa da ku.

Yara sai an ɗan ƙara dabara. Ƙanana waɗanda basu kai shiga firamare ba, irin mai jaka ɗin nan tafi musu, wadda yatsu huɗu ke waje ɗaya babban yatsa daban, tafi ɗumi saboda yatsun na ɗumama juna, kuma tafi sauƙin sakawa. Tsohuwar dabara ita ce a ɗinka doguwar igiya daga safa zuwa safa a zura ta cikin hannayen riga ta bayan wuya, ko yaro ya cire tana nan tana lilo. Tana aiki, amma ni bana son ta ga ƙaramin yaro, doguwar igiya kusa da wuya tana iya sarƙewa a ƙofa ko lilo ko ƙarfen keke. Gara gajeriyar roba, bata fi tsawon yatsa ba, a ɗinke ta a bakin hannun rigar sanyi, ɗaya gefen a jikin safa, ko a yi mata maɓalli yadda za'a iya cirewa ranar wanki. Fil kuma a bar shi, yana buɗewa. Manyan a rubuta harafin farko na sunansu da biron maka a ciki, don a aji ɗaya zaka samu yara goma da safa iri ɗaya daga tebur ɗaya. Kuma a gaya musu ƙarara, in ta ɓata a faɗa a ranar, ba duka ba zagi. Mai sikila da mai asma da tsoho, nasu safayar biyu ce ba ɗaya ba.

In ta jiƙa fa? Cire ta nan take ka saka safaya. Ka matse ta cikin tawul kada ka murɗa, ka shanya. Kar a kanga ta a kurfoti ko risho, zaren roba narkewa yake ya manne, na ga wadda ta ƙanƙance ta zama kamar ƙwallo cikin ƙiftawar ido, da tana hannun yaro fa? Masu wankin karas da masu wankin mota da matan da ke wanke-wanke da sassafe, ku saka siririyar safa a ciki ku ɗora ta roba mai tsawo a sama, ruwan baya taɓa fata, in gumi ya jiƙa ta cikin a canza. Kafin a saka safa kuma a shafa man kaɗanya ko basilin, musamman bayan alwala, shi ke hana kaushi da tsagewar gaɓoɓin yatsu, a ɗan jira ya shiga fata don kada safar ta shanye.

Ranar da komai ya ƙwace, ba ta hannu ba safaya, safar ƙafa mai tsabta tana fidda kai kunya, ka zura hannu ciki ka tura cikin aljihu. In hannun ya riga ya ƙage kada ka kai shi bakin wuta kai tsaye ko ka tsoma a ruwan zafi, hannun da baya ji baya sanin yana ƙuna, masu ciwon suga su fi kowa kiyaye wannan. Ka cusa a hammata ta cikin riga, ko ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda gwiwar hannu zata iya jurewa, ko ka rungumi kofin shayi. Tunda an zo maganar wuta bari in faɗa duk da ba ita muke ba: kada a kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe. Yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum yana barci take kashe shi. A ƙara bargo, a kwanta da safa da hula, a fitar da kurfoti waje.

In Maris ya shigo zafi ya fara, lokacin ne safa ke ɓata gaba ɗaya, a jefa ta wani lungu sai Nuwamba a tashi nema. Ku tattara duka rana ɗaya, har na jaka da durowa da gwangwani, a wanke da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan don ruwan zafi yana tsuke ulu, a shanya su bushe ƙarau, a ƙirga a ga nawa suka rage. Lokacin ne kuma ya dace a cike gurbi, masu kayan sanyi na neman rabuwa da ragowar kaya, ciniki yafi daɗi akan ranar da kowa ke rawar ɗari a gaban tebur. A zuba a bokiti mai murfi ko leda mai kauri saboda asu da kyankyaso da ɓera. Masu saka ƙwayar kafur a kaya su yi hattara, guba ce in yaro ya haɗiya, kuma ba'a son ta a kayan jarirai ko kaɗan. Na manya ma in an fito da su a shanya su sha iska kafin a saka. Feya ɗaya dai a bar ta a kusa kada a binne ta ƙasan akwati, don Agustan Jos in aka kwana ana ruwa aka tashi da hazo, wanda zai fita da asuba sai ya neme ta. Tawa tana cikin aljihun rigar ruwa tun yanzu, a ƙulle a ledarta.